Kawu Nomau da Dawarsa Ƙi-Baƙo

Duk wanda Kawu Nomau ya taɓa kai wa ziyara ya san ba a gama gaisawa da shi darnin gida yana nan lafiya. Kana cewa "Ina gajiya, Kawu?" hannunsa ya riga ya zare kara ɗaya daga darninka. Kana "Ina iyali?" 'yar wuƙar nan tasa mai ƙotar ƙaho ta fito daga aljihu. Kafin ka kai ga "Ina labari?" ya tsaga karan gida biyu tun daga gindi har sille, ya kawo shi dab da hanci yana dubawa. In ya ga totuwar fara fes, sai ya amsa maka, "Sai alheri." In kuwa ya ga ramin tsutsa, baƙi-baƙi da garin kashinta, to amsar daban ce:

"Gidanka cike da baƙi, kai kana nan kana tambayar labari."

Ku da kuka san shi kuna dariya tun yanzu, na sani. Wanda bai san shi ba kuwa, ga shi a taƙaice: ƙanen mahaifiyata ne, manomi a wani ƙauye gabas da Zermu, dogo, siriri, da 'yar furfura a haɓa kamar an manta ba a aske ba. Bai yi lakwal ba, wato boko, bai taɓa riƙe sarauta ba, amma duk ƙasar Damagaram ban ga wanda ya yi wa abu ɗaya karatu irin wanda ya yi wa tsutsar kara ba. Ita ce wannan tsutsa da ke shiga cikin karan dawa tun yana ɗanye, ta cinye shi ta ciki, ganyen tsakiya ya bushe, ko kuma a bari sai zangarniya ta yi nauyi iska ta zo ta karya shi. Mutane suna da maƙiya iri-iri a duniya. Shi Kawu guda ɗaya ya zaɓa, kuma bai wuce tsawon ɗan yatsa ba.

Ni kuwa tun da na zama malamin makaranta bai sake kiran sunana ba. "Mushe" kawai, yadda ake kiran malamin lakwal da Faransanci, kuma da irin muryar da ake kiran wanda ya gudu daga gona.

Shekarar da aka fara tura ni aiki, ajina na kara ne: kara bango, kara rufi, sai allo da aka jingina da ice. Ranar da ansifekta ya zo duba aikina, ranar Allah ya kawo Kawu, wai ya biyo daga kasuwa ya ga inda ɗan 'yar'uwarsa yake cin abinci. Na ba shi benci a baya, na roƙe shi da ido ya zauna shiru. Na fara yi wa yara dikte, wato shifta, ansifekta yana rubutu a littafinsa, sai na ji ƙaras! daga baya. Na yi kamar ban ji ba. Aka jima, ƙaras! Da na waiwaya, rana ta shigo ajin ta wata sabuwar taga wadda ban san da ita ba.

"Mushe," in ji shi, a tsakiyar dikte, "ɗalibanka nawa?"

Na ce, "Arba'in da biyu, Kawu."

"Ba ka iya lissafi ba. Ka manta da na cikin bango. Ga bakwai a nan, kuma duk sun fi naka ƙiba."

Ya baje su a tafin hannu, ya miƙa wa ansifekta. Bawan Allahn nan ya ja kujerarsa baya, ya tambaye ni da Faransanci ko wannan dattijo yana cikin ma'aikatan makaranta. Kawu ya ce in fassara masa. Na fassara. Ya ce, "Gaya masa ni ma duba aiki na zo. Nawa dai na gama, na kuma sami abin da na zo nema."

Abin da ya sa yake wannan bincike, yana da dawa tasa ta kansa, kuma yana son duniya ta shaida babu kamarta. Asalinta wata jar dawa ce da ya gada daga wurin kakarmu. Kowace kaka, kafin a yi girbi, sai ya bi gonar tsiro-tsiro, ya yanke zangarniyar da ta yi masa, ya tsaga karanta nan take. In akwai rami ko ɗaya, zangarniyar ta tafi rumbu, ta zama tuwo. In babu, ta shiga tulun iri, a zuba toka, a liƙe baki da laka. Shekara talatin da wani abu yana wannan. Ya raɗa mata suna Ƙi-Baƙo, don ba ta saukar da tsutsa.

Gaskiyar magana, ni da na gani da idona, ba wai tsutsar ba ta taɓa ta ba ne sam. Tana taɓawa. Sai dai karan yana da tauri, in ta shiga ba ta yin nisa, kuma ko ta kashe ganyen tsakiya, gindin sai ya fitar da 'ya'ya biyu ko uku su tashi a madadinsa. Shekarar da gonakin mutane suka kwanta kamar an yi musu shimfiɗa, tasa tana tsaye. Matarsa, Inna Gambo, ita ce kaɗai ba ta yabon ta.

"Dawar da ta ƙi tsutsa ta ƙi taɓarya," in ji ta. "Kai ka sha yabo a fada, ni in sha ciwon kafaɗa a turmi."

"Abin da ya gagari tsutsa ki ce zai yi miki laushi?"

"To ka auro tsutsar ta daka maka."

Amma fa duk wannan yabo da yake nema, ƙwaya ɗaya ta Ƙi-Baƙo ba ta fita gidansa da rai. Kawu ba marowaci ba ne, kada a yi masa ƙazafi yana kabari. Tuwo ka ci har ka gaji, fura ka sha, gari a ɗaura maka a buhu ka tafi da shi. Zakkarsa da sadakarsa yana fitarwa daga farafarar da yake shukawa a ɗaya gonar. Tsabar Ƙi-Baƙo ce dai a'a. Hujjarsa ita ce za a gauraya ta da wata, ta lalace, sannan a ce dawar Nomau ce ta lalace.

Wanda ya fi shan wuya a kan wannan shi ne Alhaji Manzo, taubashinsa, wanda gonarsa ke bakin hanya kafin ka isa ta Kawu. Tun suna yara suke tsokanar juna, kuma babu kakar da Kawu bai tsaya a gonar Manzo ya tsaga kara ya tara mutane ba.

"Jama'a ku zo ku ga masaukin baƙi! Manzo, gona ka shuka ko zango ka buɗe?"

"To ba ni taka mana, uban rowa. Tiya ɗaya."

"In ba ka ta, shekara biyu ka mayar min da ita bara-gurbi?"

Wata shekara Manzo ya zo ya taya shi sussuka, wuni guda. Da zai tafi, Kawu ya tare shi a ƙofa da ladabi, ya ce ya ɗan cire hula. Ya kakkaɓe hular a kan tabarma. Ya juye aljihun rigarsa. Ya durƙusa ya warware naɗin wandonsa, ƙwaya huɗu suka faɗo. Ya tsince su ɗaya-ɗaya.

Manzo ya ce, "Wallahi ban san sun shiga ba!"

"Na yarda. Su ma ba su san inda za ka kai su ba, da ba su shiga ba."

Inna Gambo tana tsaye a bakin madafa tana kallonsu. Ku riƙe wannan kallon nata, za mu dawo kansa.

Sai shekarar da aka turo sabuwar malamar gona yankin, Madam Rabi, mace mai haƙuri da babur mai ƙara. Ta zo da sababbin irin dawa kala biyu daga wurin masu bincike, tana neman manomin da zai bari a shuka su a gefen tasa a gwada. Kowa ya noƙe. Kawu ya miƙe tun ba ta rufe baki ba, don shi abin da ya ji shi ne an kawo wa Ƙi-Baƙo abokan kokawa. Lokacin ina hutu a ƙauye, aka ce in bi su in riƙa fassara kalmomin da suka gagari Hausa.

Muna isa gonar ta tsaya cak. A gefen gonar, ƙarƙashin wata rumfa mai inuwa, ga dammunan kara a jere, an ɗaure su tsaf, kowane da alamarsa ta tsumma. Ta tambaya ko na dabbobi ne.

"Shaidu ne," in ji Kawu. "Wannan na Manzo ne. Wannan na liman. Wannan daga Gidimuni na ɗauko shi, gonar wani mai baki. Duk wanda ya ce dawarsa ta kai tawa, in kawo shi nan in nuna masa."

"Duk da tsutsa a ciki?"

"In babu tsutsa ina shaidar take?"

Madam Rabi ta zare kara ɗaya wanda ba a tsaga ba, ta karɓi wuƙarsa, abin da ban taɓa ganin wani ya yi ba, ta tsaga. Ga tsutsa kwance, ta yi fari, ba ta motsi. Ta yi masa bayani a hankali: wannan ba ta mutu ba, barci take. Haka take kwana cikin busasshen kara duk tsawon rani. Ruwan fari na sauka sai ta rikiɗa ta fito da fiffike, kamar ɗan ƙaramin malam-buɗe-littafi mai ruwan toka, ta je ta zuba ƙwai a kan dawar da ta fi kusa. Shi ya sa ake son a baje kara a rana, ko a babbaka shi, ko a ba dabbobi su cinye kafin damina.

"Baba," ta ce, "kai ka tattaro su daga ƙauye goma, ka yi musu inuwa, ka ajiye su a bakin gonarka. Ba yaƙarsu kake ba. Kiwonsu kake yi."

Kai, jama'a! Na san Kawu shekara da shekaru, ban taɓa ganin bakinsa a buɗe babu magana a ciki ba sai ranar. Ya dubi dammunan, ya dubi gonar, ya dube ni kamar ni na kai ƙararsa. Ya shafa haɓa sau uku. Can ya gyara murya.

"'Yata, ke da kika yi lakwal, gaya min. Ana cin egizama, jarrabawar nan taku, ba a yi tambaya ba?"

Ta ce a'a.

"To. Tambaya nake tara mata."

Ƙarya yake, Allah ya gafarta masa, a nan take ya ƙirƙiro ta. Amma Madam Rabi ta juyo ta ce min da Faransanci, don kada ya ji ya ƙara kumbura, wai tsohon nan ya yi abin da masu bincike ke yi da gangan: ya sa dawarsa cikin tsutsa mafi yawa, ya riƙa zaɓen wadda ta tsira. Kawu ya ce in fassara. Na ce ta ce rana ta yi zafi. Ya ce, "Mushe, ka rage wani abu. Fuskarta ba ta zafin rana ba ce."

An yi gwajin. Ɗaya daga cikin baƙin irin nan, tsutsa ta gama da shi tun bai yi ciki ba, Kawu ya yi ta kai mutane ta'aziyya. Ɗayan kuwa ya tsaya ƙyam, har ya riga Ƙi-Baƙo nuna da kwanaki. Da aka tambaye shi, abin da ya iya cewa shi ne, "Tana da tarbiyya. Ban san iyayenta ba dai." Madam Rabi ta roƙi ko cikin tafin hannu na Ƙi-Baƙo ta kai a adana. Ya ce dawarsa ba ta saba kwana a biro ba, wato ofis. Ta ce masa irin da ke tulu ɗaya a gida ɗaya, rana ɗaya ke raba mutum da shi. Ya ce tulun a ɗakinsa yake, shi ma yana ɗakin. Rumfar shaidu kuwa, bayan sati muka ga ta zama toka. Ya ce tsautsayi ne.

Ranar da Madam Rabi ta faɗa ba ta zo da wuta ko ɓarawo ba. Da ruwa ta zo. Bayan wata shekara mai ƙarancin amfani, wadda kafin bazara rumbun Kawu ya koma sai ƙura, aka yi ruwan fari mai kyau da wuri. Kawu, wanda kullum shi ke fara shuka don ya riga tsutsa, ya fita ya shuka. Tsiro ya fito, ruwa ya ɗauke, rana ta ƙone shi. Aka sake yayyafi, aka ce masa ya dakata, ya ce shi ba a koya masa sama. Ya sake shukawa. Ya sake ƙonewa. Na uku ya kakkaɓe gindin tulun. Da damina ta zauna da gaske, tulun babu komai sai toka. Shekara talatin da wani abu, da hannun kakarmu a ciki, duk sun tafi cikin rairayi.

Bai yi kuka ba, bai yi wa kowa ƙorafi ba. Ya karɓi irin Madam Rabi, mai tarbiyyar nan, ya shuka. Cikin daminar ciwo ya kama shi, na ɗauko shi zuwa gidana a unguwar Zango cikin birnin Damagaram don ganin likita. Muka sauka daga kabu-kabu, muka wuce ta gaban wani darni sabo fil, kara har kara, Kawu bai ko waiwaya ba. Likita ya yi ta bayaninsa a kan jini da zuciya. Ni dai tun a bakin darnin nan na san abin da ke damunsa.

Da kaka muka mayar da shi gida, don ya ce shi ba zai mutu inda ake sayen kara ba. Wata safiya muna zaune a tsakar gida, shi a kan tabarma da bargo, sai ga Alhaji Manzo da sallama, rungume da kara biyar da zangarniyarsu. Ya zube su a gabansa.

"Taubashi, bana ba ka zagi dawata ba, har ta rame. Ga ta na kawo maka har gida."

"Kwashe kayanka, Manzo."

"Au, tsoro kake ji? Ko wuƙar ce ta tsufa kamar mai ita?"

Wannan ta shige shi. Ya laluba ƙarƙashin matashi ya fito da wuƙar. Ya tsaga na farko. Fari fes. Ya tsaga na biyu, fes. Na uku akwai ɗan rami a gindi wanda bai kai gaɓa ɗaya ba ya tsaya. Sai ya bar karan ya jawo zangarniyar, ya murza ƙwaya a tafin hannu, ya jefa ɗaya a baki ya ciza. Muka ji ƙas. Sannan ya ɗago.

"Wannan 'yar gidana ce," ya ce. "Wa ya buɗe mata ƙofa?"

Manzo ya dubi sama. Ni na dubi ƙasa, don wallahi ban san komai ba. Sai Inna Gambo ta ajiye tsintsiya.

"Ni ce. Kai kana tsaron tulu, ni ke tsaron turmi. Da ka auno min ta daka, tsaba ce ko gari? Ranar da ka kwance wa bawan Allah wando a kan ƙwaya huɗu, da la'asar na aika wa matarsa tiya guda."

"Shekara nawa ke nan?"

"Goma sha ɗaya," in ji Manzo. "Tana gonata ta bayan tudu, inda ba ka zuwa. Kuma yadda kake yi haka nake yi, ina tsaga kara kafin in ɗebi iri. Na gaji da kallonka har na iya."

"To wadda nake zagi a bakin hanya fa?"

"Wannan don kai nake shuka ta. In ba ka sami abin zagi ba ai sai ka zagayo bayan tudu."

Kawu ya dubi matarsa, ya dubi taubashinsa. Muka ga haɓar nan tana motsi, ba mu san ko faɗa ne ke tafe ko kuka ba.

"Ɓarayi," ya ce. "Ɓarayi biyu, ɗaya a ɗakina, ɗaya a dangina." Ya nisa. "Kun gauraya ta da wata?"

"Ko ƙwaya."

"To alhamdu lillahi. Allah ya haɗa ni da ɓarayi masu tsabta."

Sannan ya goge ido da gefen bargo, ya ce hayaƙin madafar Gambo ne, alhali ba a hura wuta ba.

Washegari ya sa aka ɗora shi a amalanke aka kai shi bayan tudu. Ya zauna a inuwa, ana kawo masa kara yana tsagawa, yana zaɓen iri, yana kuma gaya wa Manzo cewa ya shuka ta kusa-kusa da yawa, noman ma na ragwaye ne. Abin da aka zaɓa ya sa aka kasa uku: kashi ɗaya tulunsa, kashi ɗaya na Manzo, kashi ɗaya a kai wa Madam Rabi. Ya ce in gaya mata ta samo wa 'yarsa wuri mai kyau a biro, kada a ajiye ta kusa da waɗanda ba a san iyayensu ba. Ya kuma ce duk wanda ya zo neman iri a ba shi, amma a fara nuna masa yadda ake riƙe wuƙa.

Bai kai damina ba. Da aka zo haƙa kabari, aka nemi karan da za a auna tsawonsa da shi kamar yadda aka saba. Wani ya kai hannu darni, Alhaji Manzo ya ce a dakata. Ya je gida ya ɗauko karan Ƙi-Baƙo, dogo, miƙaƙƙe, aka auna da shi. Bayan an rufe, mutane sun fara watsewa, na ga tsohon nan tsaye shi kaɗai da karan a hannu. Ya karɓi wuƙar daga wurina, don ni aka bar wa ita, ni da ban da gona. Ya tsaga tun daga gindi har sille, ya kawo dab da hanci, ya duba.

"Sai alheri, taubashi," ya ce.

Allah ya jiƙan Kawu Nomau. Allah ya yafe masa darnukan mutane da ya ɓarke da bangon ajina. Yadda ya tsare abin da aka bar masa, Allah ya tsare shi a makwancinsa, ya sa ya tarar da littafinsa fari fes. Inna Gambo da Alhaji Manzo, Allah ya ba su haƙurin rashin mai zaginsu. Amin.